Haraji, Kasuwa da Fada: Matan Abeokuta a Gwagwarmayar Ƙin Mulkin Mallaka, 1918–1959

Tsakure

Wannan takarda ta dubi boren matan Abeokuta na 1947 zuwa 1949, wanda ya kai ga soke harajin mata da murabus ɗin sarkinsu, Alake Ademola II. Hujjar da take kafawa ita ce, matan sun tunkari mulkin mallaka ne a daidai inda yake taɓa jikin talaka, wato haraji da farashi da En'e. Takardar ta bi sawun ƙarfinsu zuwa ga tsarin kasuwa, sannan ta nuna yadda nasarar ƙin biyan haraji ta zame musu cikas da aka zo aka ɗaura ƙuri'a a jikin rasidin haraji.

Gabatarwa



Duk wanda ya koyi tarihin neman 'yancin Nijeriya a aji, da wuya bai fito da tunanin cewa a zaurukan taro aka yi komai ba. Tsarin mulkin Richards a 1946, na Macpherson a 1951, na Lyttelton a 1954, tarukan Landan na 1957 da 1958, sai saukar tuta ranar 1 ga Oktoba 1960. Littafin James Coleman na 1958, wanda ya daɗe yana zaman madogara a wannan fage, 'yan boko da jaridunsu da jam'iyyunsu ya fi bi. Ba ƙarya a cikin wannan tarihi, sai dai daga saman bene aka hango shi. Matar da ke kasa garin rogo ko zanen adire a kasuwar Itoku ta Abeokuta ba ta taɓa haɗa ido da Gwamna ba, ba ta kuma san abin da sashe kaza na tsarin mulki ya ce ba. Mulkin mallakar da ta sani shi ne mai karɓar harajin da ke tare ta a hanya, da ɗan dokan da ke kwashe mata shinkafa, da fadar da ake kai ta in ta yi gardama.

Tun bayan littafin Nina Mba na 1982 kan siyasar matan Kudancin Nijeriya, da tarihin rayuwar Funmilayo Ransome-Kuti da ta rubuta tare da Cheryl Johnson-Odim a 1997, da kuma ayyukan Judith Byfield, ba mai cewa an manta da matan nan. Abin da ya rage shi ne gurbin da ake ba su. Har yanzu akan ware musu sakin layi ɗaya a gefe, a ce sun "taimaka wa" maza. A ganina abin da ya faru a Abeokuta ya fi ƙarfin taimako: a tsawon shekarun 1940 ba wata jam'iyyar maza da ta tilasta wa Turawa rushe wani ginshiƙi na mulkinsu a fili kamar yadda matan kasuwar Egba suka yi.

Yadda haraji ya shigo ƙasar Egba

Ƙasar Egba, inda Abeokuta take, ba ta faɗa hannun Turawa irin faɗawar maƙwabtanta ba. Yarjejeniyar da ta ƙulla da Gwamna Carter a 1893 ta bar mata 'yancin kanta, har a 1898 ta kafa gwamnatinta mai ma'aikata da kotuna, tana samun kuɗin shiga daga fiton kaya. A 1914 Gwamna Lugard ya fake da wani rikici da ya tashi a Ijemo ya soke wannan 'yanci, ya cusa Egba cikin Nijeriyar da ya haɗe a shekarar. Abin da yake so shi ne ya dasa tsarin da ya gwada a masarautun Arewa: sarki ɗaya a sama, baitulmali ɗaya, haraji kai tsaye. A 1918 aka aza harajin. Cikin watanni mutanen karkara suka ɗau makami, suka tuge layin dogo suka tsinke wayar tangaraho, a tarzomar da ake kira yaƙin Adubi. Sojoji suka murƙushe ta, haraji ya zauna.

Abu biyu ne suka bambanta harajin Egba. Na farko, mace ma an aza mata nata daban da na mijinta: sule 5 a kan namiji, sule 2 da sisi a kan mace, kuma kuɗin ɗaya ne ko tana da jari ko ba ta da ko anini. Abeokuta na cikin wurare ƙalilan a Kudu da aka yi haka, don jami'ai sun lura cewa matan Egba suna riƙe da kuɗinsu da kansu. A Gabas, inda aka fara karɓar haraji daga maza kaɗai a 1928, jita-jitar za a ƙirga mata ce kawai ta tayar da yaƙin mata na 1929, wanda ya faro daga Oloko, aka harbe mata fiye da 50 kafin ya lafa. Abin da matan Igbo suka mutu don kada ya same su, matan Egba sun riga sun shekara 11 suna biyansa.

Na biyu, harajin ya zo ne a lokacin da ake zare mata daga sha'anin mulki. A da iko a Abeokuta a rarrabe yake tsakanin Ogboni masu shari'a, da Olorogun shugabannin yaƙi, da Parakoyi masu kula da ciniki, kowace unguwa da nata. Mata suna da sarautar Iyalode, wadda Efunroye Tinubu ta riƙe a ƙarni na 19, suna kuma da kujerar Erelu a cikin Ogboni. Tsarin En'e na sarki shi kaɗai ya tattara wannan duka ya damƙa wa Alake, wanda shi kuma Razdan yake wa biyayya. Ladapo Ademola II ya hau gadon a 1920. Saboda haka mace ta wayi gari tana biyan kuɗi cikin baitulmalin da ba ta da bakin tambayar inda kuɗin ke tafiya.

Hanyar karɓar ma ta ƙara wa abin ɗaci. Tun daga shekara 15 ake neman yarinya ta biya, kuma a lokacin da ba kowa ke da takardar haihuwa ba, koke-koken matan sun nuna cewa masu karɓa kan tuɓe 'yan mata su duba ƙirjinsu don su yanke ko sun isa. Wadda ba ta da rasidi a ɗamararta ana iya tsare ta a hanyar kasuwa, a daki ta, ko a kai ta kurkuku. Wanda yake son ya fahimci zafin waƙoƙin da aka rera a ƙofar fada a 1947, daga nan zai fara.

Kasuwa kafin jam'iyya

Ƙaurace wa abu yana da sauƙin faɗa. Wahalarsa ita ce a sa dubban mutane su yi asara a rana ɗaya, kuma kada ɗaya ta zame ta ci ribar ƙauracewar sauran. Mai kifi in ta rufe rumfa kifinta ruɓewa zai yi. Mai bashi a kanta, mai binta ba zai jira ba. Idan goma suka buɗe a ɓoye, ɗari za su biyo su kafin azahar. Don haka kowace ƙauracewa da ta yi tasiri tana da wanda ke sa ido, da wanda ke hukunta mai saɓawa, da asusun da ke ɗaukar nauyin wadda aka kama.

Kasuwannin ƙasar Yarabawa suna da wannan tun kafin a haifi jam'iyya. Kowace haja tana da ƙungiyarta da shugabarta: masu gari, masu manja, masu goro, masu zane. Suna karɓar kuɗin ƙungiya, suna sasanta rigima, suna cin tarar wadda ta karya farashi, suna zubin adashi, wanda su suke kira esusu. Shugabar kasuwa in ta ce gobe ba ciniki, ba a buƙatar jarida ta buga. Marinan adire na Abeokuta sun gwada wannan ƙarfi a shekarun 1930, sa'ad da Alake ya hana amfani da soda da shunin kanti a rini da sunan kare ingancin zane. Matan suka ce matsin tattalin arziki ne ya kai su ga waɗannan kaya, suka yi ta kai ƙara har aka kafa kwamitin bincike a 1936. Tun a nan suka koyi cewa ana iya tsallake fada a kai kuka ga wanda ke sama da ita.

Shekarun yaƙi

Yaƙin duniya na biyu shi ne ya mayar da gunaguni siyasa. Gwamnati tana son abinci mai araha don sojoji da ma'aikatan Legas, sai ta shiga ƙayyade farashi da hana fitar da abinci daga lardi zuwa lardi. A Legas tsarin ya fara a 1941 ƙarƙashin Kyaftin Pullen, har mutane suka laƙaba wa kasuwannin gwamnati sunansa. Nan ne Alimotu Pelewura, mai sayar da kifi, shugabar kasuwar Ereko, wadda ba ta yi boko ba, ta zama ƙaya a wuyan hukuma. Tun a Disambar 1940 ta jagoranci rufe kasuwanni kan dokar da ta nemi karɓar haraji daga macen da ke samun fam 50 a shekara. Matan suka kai takardar koke mai ɗauke da dangwalen yatsunsu, gwamnati ta ɗaga adadin zuwa fam 200, wanda ya fitar da kusan kowa. Kan farashi kuwa, hujjarta ita ce jami'in da ke zaune a ofis bai san kuɗin mota daga Ijebu ba, bai san asarar hanya ba, farashin da ya yanka bai ko mayar da uwar kuɗi. Aka yi mata tayin albashi ta zama mai kula da sayar da gari a ƙarƙashin tsarin, ta ƙi. Mutane suka yi ta dogon layi tun asuba a rumfunan gwamnati, akasarin gari kuwa yana ciyar da kansa ta kasuwar bayan fage. Da ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari a Yunin 1945, wanda ya haura kwana 40, matan kasuwa suka sassauta musu farashi suka kuma zuba kuɗi a asusun yajin. A shekarar aka janye tsarin Pullen.

A Abeokuta nauyin aiwatar da waɗannan dokoki a wuyan En'e ya faɗa, wato a wuyan Alake. 'Yan doka suna tare hanyoyi suna ƙwace shinkafa daga hannun mata, wani lokaci ba tare da biyan ko kwabo ba. Ga kuma ciniki mai sharaɗi da manyan kamfanonin Turawa suka ɗora: mai son sarin gishiri ko sukari dole ta haɗa da kayan da suka yi kwantai a kanti, irin su adduna, ta je ta san yadda za ta yi da su. Matan suna kuma zargin Alake da amfani da kujerarsa wajen shiga cinikin kayan da suka yi ƙaranci. Ko da wani zargin ya wuce gona da iri, tsarin ne ya haifar da shi, domin mutum ɗaya ne mai kafa doka, mai kama mai laifi, mai kuma hannu a kasuwa.

Ƙungiyar Matan Abeokuta

Funmilayo Ransome-Kuti, wadda aka haifa a 1900, ba 'yar kasuwa ba ce. Malama ce da ta yi karatu a Ingila, matar Rabaran Israel Ransome-Kuti, shugaban makarantar Abeokuta Grammar School kuma shugaban ƙungiyar malamai ta Nijeriya. Kulab ɗin matan da ta kafa da farko na matan boko ne Kiristoci, ana koyon ɗinki da ladubban zama. A 1944 suka buɗe ajin yaƙi da jahilci don matan kasuwa, kuma a ajin ne labari ya juya. Waɗanda suka zo koyon baƙi suka zo da labarin shinkafar da aka ƙwace, kulab ɗin ya ɗauki maganar ya kai ta ga Di'o da jaridun Legas, aka daina ƙwacen. A 1946 ya rikiɗe ya zama Ƙungiyar Matan Abeokuta, AWU, wadda ta tara mambobi masu biyan kuɗin ƙungiya kimanin 20,000, Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. Ransome-Kuti ta ajiye tufafin Turawa ta koma ɗaura zane, ta kuma riƙa magana da Yarabanci ko a gaban jami'an Ingila, sai dai su nemi tafinta. Grace Eniola Soyinka na cikin na hannun damanta, shi ya sa ɗanta Wole Soyinka ya ba da labarin boren a littafinsa Aké, da idon yaron da ake aike.

Kowane ɓangare ya kawo abin da ɗayan ba shi da shi. Matan kasuwa suka kawo yawa da horo da ikon rufe gari, matan boko suka kawo alƙalami da lauya da hanyar shiga jarida. Wani mataki da ba a cika ambata ba, wanda ni kuwa nake ganin ya fi zanga-zangar kanta nuna inda suka dosa, shi ne ɗaukar akanta da ƙungiyar ta yi ya bi diddigin littattafan baitulmalin En'e. Talakawan da ake ɗauka ba su san komai ba sai ciniki suka ce a buɗe musu lissafi. Daga nan suka fito da buƙatu a rubuce: a soke harajin bai-ɗaya a kan mata, a nemi kuɗin daga kamfanonin ƙetare, a kashe abin da aka tara kan makarantu da tsafta da hanyoyi, a rushe tsarin sarki shi kaɗai a kafa majalisa mai wakilai har da mata. Wannan buƙata ta ƙarshe ta tsarin mulki ce tsantsa, ko da ba a zauren Legas aka gabatar da ita ba.

A 1947 Ransome-Kuti ta bi tawagar jam'iyyar NCNC zuwa Landan don ƙin tsarin Richards, ita kaɗai ce mace a cikin su Nnamdi Azikiwe da Bukar Dipcharima na Borno. A can ta rubuta maƙala a jaridar Daily Worker tana cewa mulkin Ingila ne ya rage wa matan Nijeriya matsayi. Fada ta ji haushin wannan, ta kuma dawo ta tarar an ƙara matsa wa mata kan haraji. Mambobi suka daina biya, ita ma ta ƙi, aka gurfanar da ita a kotu.

Hukuma ta hana su izinin zanga-zanga, sai suka riƙa kiran taronsu biki ko fita shan iska. Kafin babbar fitar an yi horo a harabar makarantar: yadda ake rufe fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle in an harba barkonon tsohuwa, da yadda ake ɗaukar gwangwanin a mayar wa 'yan sanda abinsu. Ranar 29 ga Nuwamba 1947 kasuwanni suka tsaya cik, mata fiye da 10,000 suka mamaye filin fadar Ake suka kwana a nan har washegari. Zaman dirshan irin wannan aiki ne mai yawa. Sai an dafa abinci an kawo, sai an samo ruwa, sai an san inda masu goyo za su kwantar da 'ya'yansu. Suka kwana suna rera waƙoƙin zambo ga sarkin da a al'ada rusunawa ake yi a gabansa. Suka kuma ari tsarin Oro, tsafin da maza kaɗai ke fita da shi mata na kulle a ɗaka, suka juya shi, a ranar su ne a waje. Wanda ya san ƙasar Yarabawa ya san cewa wannan sanarwa ce cewa sarautar ta rasa albarkar iyaye mata.

Aka yi musu alkawari, sannan aka kama wasu daga cikinsu kan rashin biya. Suka dawo ranar 8 ga Disamba, ba su tashi ba sai 10 ga wata, bayan an sako na tsare. A Afrilun 1948 suka sake cika tituna, aka dakatar da harajin mata. Zuwa tsakiyar shekarar manyan Ogboni ma sun juya wa Alake baya, ya bar gari ya koma Oshogbo. Aka kafa majalisar riƙon ƙwarya mai kujerun mata 4, ɗaya ta Ransome-Kuti ce. Ranar 3 ga Janairu 1949 Ademola ya yi murabus.

Ya kamata a bambanta wannan da ƙauracewar da aka yi a maƙwabta a daidai lokacin. A Gold Coast, wato Ghana ta yau, Nii Kwabena Bonne ya jagoranci daina sayen kayan kantunan Turawa a Janairun 1948. A Kwaddibuwa matan jam'iyyar PDCI sun tsaya kan irin wannan a Disambar 1949, kafin su yi tattaki zuwa kurkukun Grand-Bassam inda aka tsare shugabanninsu. Ƙin saye aljihun kamfani yake taɓawa. Ƙin biyan haraji kuwa gindin mulki yake sara, domin a tsarin Lugard daga harajin ake biyan sarki da 'yan doka da ma'aikatan kotu, a kuma tura wa gwamnati kasonta. Turawa sun gina mulki mai araha wanda talaka ke ɗaukar nauyin masu danne shi, kuma nan ne rauninsa yake.

Wata suka da ta cancanci amsa

Akan ce, ai da sarkinsu suka yi faɗa, ba da Bature ba, kuma ba su ce a ba Nijeriya 'yanci ba. Akan ƙara da cewa ba su kaɗai suka kayar da shi ba, akwai sarakunan da ke jin haushin an ƙwace musu iko, akwai 'yan boko maza masu tasu manufar, kuma Ademola ya dawo kan gadonsa a Disambar 1950 ya zauna har rasuwarsa a 1962. Duk wannan gaskiya ne, kuma mai son ya mayar da labarin tatsuniyar jarumai ba zai ji daɗinsa ba.

Amma a dubi abin da ya dawo. Mutumin ya dawo, kujerar sarki shi kaɗai ba ta dawo ba. Ikon da matan suka yaƙa ba na gargajiyar Egba ba ne, dokar En'e ce ta ƙirƙire shi, Razdan ne ke tsaronsa, 'yan sandan gwamnati ne suka harba barkonon tsohuwa don kare shi. Hikimar mulki ta hannun sarakuna ita ce talaka ya ga fuskar ɗan'uwansa a duk inda aka cuce shi. A ce wanda ya yaƙi En'e bai yaƙi mulkin mallaka ba, an karɓi labarin kenan yadda Lugard ya so a karɓe shi. Su kuwa sarakunan da suka juya baya a 1948, sun shekara kusan 30 suna gunaguni ba abin da ya motsa, sai da kasuwa ta rufe.

Ƙuri'a da rasidin haraji

Nan ne labarin ya yi ɗaci. Taken matan shi ne ba haraji sai da wakilci. Da aka zo zaɓen 1951 a ƙarƙashin tsarin Macpherson, sharaɗin shiga matakin farko a Jihar Yamma shi ne mutum ya kasance mai biyan haraji. Aka juya musu takensu: ba wakilci sai da haraji. Matan da suka kwana a filin Ake don a cire musu harajin bai-ɗaya suka tarar yawancinsu ba su da rasidin da zai ba su damar zaɓe, sai 'yan tsirarun da ke biyan harajin samu. Ransome-Kuti ta tsaya takara a shekarar ta faɗi, a garin da ta iya fitar da mata dubu goma da magana ɗaya.

Ba sai an ce wani ya zauna ya ƙulla makirci ba. Ɗaura ƙuri'a a kan haraji tsohuwar al'adar Ingila ce. Amma jam'iyyun maza ba su ɗaga murya a kai yadda suka ɗaga kan rabon kujeru tsakanin jihohi ba. Abin da suke so daga mata shi ne reshen mata: masu anko, masu waƙa, masu cika fili, masu tara kuɗi. Ransome-Kuti ta yi ƙoƙarin gina wani abu mai cin gashin kansa, ta faɗaɗa AWU zuwa ƙungiyar matan Nijeriya a 1949, ta kuma haɗa tarayyar ƙungiyoyin mata a 1953, wadda ta nemi ƙuri'a ga kowace mace. Jihar Gabas ta ba mata ƙuri'a a 1954, zuwa zaɓen tarayya na 1959 duk matan Kudu sun samu. A wannan zaɓen NCNC ta hana ta tikiti, ta tsaya da ƙafarta, ta faɗi, jam'iyyar ta kore ta. Cikin kujeru 312 na majalisar wakilan da ta karɓi 'yanci babu mace ko ɗaya. Wuraola Esan da ta shiga majalisar dattawa a 1960 naɗa ta aka yi.

Dalilin, a ganina, yana cikin yanayin makamin kansa. Ƙarfin kasuwa na hanawa ne: yana iya tsayar da gari, ya ƙi biya, ya kori sarki. Zaɓen mazaɓu kuwa yana buƙatar wanda ke raba tikiti, kuma wannan ɗakin maza ne suka riga suka cika shi tun kafin a buɗe wa mata ƙofa.

Inda zaren ya taɓo Arewa

Tsarin da matan Egba suka rushe daga Arewa aka kwaso shi, kuma a Arewa ma ya fara shan suka a daidai wannan lokaci. A Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyaran En'e a majalisar Kaduna, a watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda ta ɗauki En'e da 'yan dokanta da kotunanta a matsayin abokan gaba na farko. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933, ta shiga NEPU a Zariya tana matashiya, ta shugabanci reshen mata, ta kuma yi takanas zuwa Abeokuta don ta gana da Ransome-Kuti.

Sai dai makamin bai ƙetaro da ita ba, domin ƙasar da ya tsiro a kai daban ce. A biranen Hausa cinikin matan aure mai yawa ne, amma daga cikin gida ake yin sa, ta hannun 'yan talla da dillalai, abin da Polly Hill ta yi nazari a kai a ƙasar Katsina. Ciniki ne mai kawo kuɗi, amma ba shi da rumfar da za a rufe kowa ya gani, ba shi da shugabar da za ta ce gobe ba kasuwa. Shi ya sa aikin Gambo ya zama na shiga gida-gida da hawa mumbari a inda ba a saba ganin mace ba, sakamakonsa kuma kotun alƙali, da kora daga Kano, da ɗauri har sau 16 kamar yadda masu tarihinta suka kawo. NEPU ta goyi bayan ƙuri'ar mata, jam'iyyar NPC mai mulki ta ƙi, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan hanyar bincike. Matan Abeokuta sun bar takardun koke da wasiƙu da rahotannin jarida, don suna da sakatariya da injin buga rubutu. Takwarorinsu na NEPU ba su bar irin wannan da yawa ba. Mai neman su sai ya bi fayilolin lardunan Kano da Zariya a gidan adana tarihi na Kaduna, da rajistar kotunan alƙalai, inda aka rubuta sunayensu a layin waɗanda ake tuhuma, sannan ya haɗa da waƙoƙin jam'iyya da bakin tsofaffin da suka halarci tarukan.